Neman Tushen Annoba a Cikin Aji

Hausawa suna yi wa ruwa kirari da "abokin aiki", domin babu aikin gida da ake yi ba tare da shi ba. Da shi ake girki, da shi ake wanka da wanki, kuma shi ake fara miƙa wa baƙo idan ya sauka. Amma wannan aboki yana iya ɗauko cuta ya raba ta gida-gida ba tare da kowa ya gani ba. Kwalara, wadda ake kira amai da gudawa, da zazzaɓin taifod, da atuni, da wani nau'in ciwon shawara, duk ta ruwa ko abinci da ya gurɓata suke shiga cikin mutum. Idan cuta irin wannan ta kama mutane da yawa a wuri ɗaya cikin ɗan lokaci, sai a ce ta ɓarke, ko kuma a ce annoba ta faɗo wa gari.

Ɗaliban ilimin halittu suna karanta waɗannan cututtuka a aji. Da yawa suna haddace sunayensu da alamominsu, su rubuta a jarrabawa, su ci. Sai dai ranar da annoba ta shigo unguwa, tambayar da take ceton rai ita ce: daga ina cutar take fitowa? Wannan tambaya ba a amsa ta da hadda. Ana amsa ta ne da bin gidaje, da tambaya, da ƙidaya, da kwatanta wannan da wancan. Ana iya koyon wannan aiki a cikin aji, da bokiti da kofi da alli, ko da makarantar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Gani, in ji Bahaushe, ya kori ji.

Yadda kwalara take tafiya

Ƙwayar cutar da take haddasa kwalara bakteriya ce, wato wata halitta ƙanƙanuwa da ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girman abu. Masana suna kiran ta Vibrio cholerae. Siffarta a lanƙwashe take, kamar waƙafi, alamar nan da kuke sawa a tsakiyar jimla. Hanyarta kuwa gajera ce. Tana fita a cikin bahayar mai ɗauke da ita, ta shiga ruwa ko abinci, sannan ta shiga bakin wani. Idan ta isa hanji sai ta saki wani dafi da yake sa hanjin ya yi ta zubar da ruwan jiki. Daga nan gudawa take farawa, tsululu, fara-fara, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Alamun suna iya bayyana bayan awa 12, suna kuma iya kaiwa kwana 5 ba su bayyana ba. Babban mutum mai ƙarfi yana iya rasuwa cikin 'yan awoyi idan ba a mayar masa da ruwan da ya rasa ba.

Akwai wani abu da ya fi wannan ban tsoro. Mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa nuna wata alama. Suna zuwa kasuwa, suna zuwa makaranta, amma ƙwayar tana fita a bahayarsu har tsawon kwanaki. A wurin da ake bahaya a fili, ko masai yake kusa da rijiya, ruwan sama guda ɗaya ya isa ya kwashe ta ya kai ta inda ake ɗiban ruwan sha. Shi ya sa kwalara ta fi tsananta da damina da lokacin ambaliya.

Mu a Nijeriya ba baƙuwarmu ba ce. Annobar da ta taso daga Indunusiya a 1961 ta iso Afirka ta Yamma a 1970, kuma tun daga lokacin take tafiya tana dawowa. An yi wata babba a 1991. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta lissafa fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 kuma suka rasu. A 2024 ta sake ɓulla a Legas. Ba ta san Kudu ba, ba ta san Arewa ba.

Likitan da ya bi gida-gida

Kafin mu ɗauko bokiti, ya kamata mu san wanda za mu kwaikwaya. A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke birnin Landan, a ƙasar Ingila. Cikin kwana 10 mutum kimanin 500 suka mutu. A wancan zamani yawancin likitoci sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska mai wari ce take kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow bai yarda ba. Tun a 1849 ya rubuta cewa cutar ta baki take shiga, kuma yana zargin ruwa.

Snow bai taɓa ganin ƙwayar cutar da idonsa ba. Abin da ya yi shi ne, ya karɓo jerin sunayen waɗanda suka mutu a kwanakin farko, mutum 83, ya bi gidajensu yana tambayar 'yan'uwansu inda mamacin yake shan ruwa. Sai ya tarar kusan dukansu suna zaune ne kusa da wani famfon tuƙa-tuƙa da ke Titin Broad. Mutum 10 ne kaɗai gidajensu suka fi kusa da wani famfon dabam. Da ya bincika su ma, sai aka ce masa 5 daga cikinsu a Titin Broad ake ɗebo musu ruwa, domin sun fi son ɗanɗanonsa, 3 kuma yara ne da suke zuwa makaranta kusa da famfon.

Bai tsaya kan waɗanda suka mutu kaɗai ba, ya nemi labarin waɗanda suka tsira, kuma a nan ne basirarsa ta fi fitowa. Akwai wani gidan gajiyayyu a unguwar mai ɗauke da mutum 535, amma 5 kawai suka mutu, domin gidan yana da tasa rijiyar. Akwai kuma wani kamfanin yin giya a kan titin, ma'aikatansa ba sa shan ruwan famfon, kuma babu wanda ya mutu a cikinsu. Sannan ga wata gwauruwa da take zaune can nesa a Hampstead, inda babu annoba. A da ta taɓa zama a Titin Broad, ta saba da ruwan, har ta sa ana kai mata shi a kwalba. Ta sha, ta mutu. Wata 'yar'uwarta da ta kai mata ziyara ta sha, ita ma ta mutu.

Ranar 7 ga Satumba Snow ya gabatar da hujjojinsa ga hukumar unguwar. Washegari aka cire hannun famfon, ya zama ba mai iya tuƙa shi. Gaskiya ne cewa a lokacin annobar ta riga ta fara lafawa, domin mutane da yawa sun gudu daga unguwar, kuma Snow da kansa ya faɗi haka. Daga baya ya zana taswirar unguwar, ya sa ɗan baƙin layi a kan kowane gida domin kowane mamaci, sai layukan suka yi cincirindo kewaye da famfon. Wani malamin coci mai suna Henry Whitehead, wanda da farko bai yarda da Snow ba, shi ne ya gano mafarin abin. Wata jaririya ce ta kamu a gida mai lamba 40, aka wanke tsummokinta, aka zubar da ruwan a ramin ƙazanta, ramin kuwa bai kai mita ɗaya ba daga rijiyar famfon. Snow ya rasu a 1858. Sai a 1884 Bajamushe Robert Koch ya tabbatar wa duniya da ƙwayar cutar, bayan binciken da ya yi a Masar da Indiya.

Rijiyoyi huɗu

Yanzu za mu mai da aji ya zama gari. Kayan da ake bukata su ne bokiti huɗu masu murfi, da ludayi ɗaya ga kowane bokiti, da kofin roba fari ga kowane ɗalibi, da ɗan sitacin da ake sa wa tufafi, da kwalbar aidin irin wadda ake shafa wa rauni. Kafin ɗalibai su shigo, malami zai dama cokali ɗaya na sitaci a ruwa, ya tafasa har ya narke, ya bari ya huce, sannan ya zuba shi a cikin bokiti ɗaya. Kada ya yi kauri, domin ana so ruwan bokitan huɗu ya zama iri ɗaya a ido. Kowane bokiti sai a manna masa suna: Rijiyar Kasuwa, Famfon Tasha, Rafin Gabas, Burtsatsen Asibiti. Malami kaɗai ya san wanda aka sa wa sitaci. Sitacin nan shi ne ƙwayar cutarmu.

Kowane ɗalibi zai ɗebi ruwa daga bokiti biyu da ya ga dama, ya haɗa a kofinsa, ya rubuta sunayen bokitan a 'yar takarda, ya ninke ta. Ba a sha, ba a ɗanɗana, kuma ba a musanya ludayi. Idan kowa ya zauna, sai malami ya zaga yana ɗiga aidin sau biyu ko uku a kowane kofi. Kofin da babu sitaci zai yi ruwan ɗorawa kaɗan. Wanda yake da sitaci kuwa zai rikiɗe nan take ya koma shuɗi mai duhu. Mai wannan kofi ya kamu, sai ya koma gefe guda na aji, wato asibiti.

A nan aji yakan kaure da surutu, kowa yana faɗin bokitin da yake zargi. Yawanci rafi ake fara ɗora wa laifi, saboda sunansa kawai. Burtsatsen asibiti kuwa ba mai kallon sa. Malami ya bar su su yi ta zato na ɗan lokaci, ya rubuta zaton a gefen allo, sannan ya zaɓi ɗalibai huɗu su zama jami'an lafiya. Aikinsu shi ne su bi kowa, mai lafiya da marar lafiya, su yi masa tambayoyi da Hausa: "Sannu da jiki. A ina ka ɗebi ruwa? Bayan nan fa, sai ina? Ke kuma, kin je tasha?" Amsoshin sai a jera su a allo.

Mu ɗauka ajin yana da ɗalibai 40, kuma 20 suka kamu. A ce mutum 22 ne suka ɗiba a Rijiyar Kasuwa, 9 suka kamu. Mutum 18 suka ɗiba a Rafin Gabas, 5 suka kamu. Mutum 20 suka ɗiba a Burtsatsen Asibiti, 6 suka kamu. Mutum 20 suka ɗiba a Famfon Tasha, duk 20 ɗin suka kamu. Ku lura da kyau: babu bokitin da ba a samu marar lafiya a cikin masu ɗibansa ba. Wanda ya ji cewa mutum 9 da suka je kasuwa suna kwance zai iya cewa a rufe rijiyar kasuwa, alhali ruwanta lafiya lau yake. Waɗannan 9 sun kamu ne domin bayan kasuwa sun biya ta tasha. Abin da yake warware rikicin shi ne kwatantawa. A kasuwa kimanin kashi 41 cikin ɗari ne suka kamu, a rafi kashi 28, a burtsatse kashi 30, a tasha kuwa ɗari bisa ɗari. Hujja mafi ƙarfi tana wurin masu lafiya: mutum 20 da ba su taka tasha ba, ko ɗaya bai kamu ba. Su ne ma'aikatan kamfanin nan na Titin Broad. Sai bayan aji ya yanke hukunci ne malami zai ɗiga aidin a cikin bokitan domin a tabbatar.

A zahiri lissafi ba ya fita fes haka, tunda ba duk wanda ya sha gurɓataccen ruwa yake kwanciya ba. Domin a kusanci gaskiya, sai a sake wasan a karo na biyu da sauyi guda biyu. Na farko, malami ya tsallake kofuna biyar bai ɗiga musu aidin ba, a lissafa masu su cikin masu lafiya. Su ne masu ɗauke da cuta ba tare da alama ba. Na biyu, kafin a yi gwaji, kowane ɗalibi ya zuba ɗan ruwan kofinsa a na maƙwabcinsa na dama. Yanzu za a samu wanda bai je tasha ba amma kofinsa ya yi shuɗi. Haka yake faruwa a gida idan aka juye jarkar mai ruwa a randar da kowa yake sha, ko aka tsoma moɗa da hannun da ba a wanke ba. A wannan karo gardama takan yi zafi, kuma gardamar ita ce darasin. A ganina, malamin da ya yi saurin faɗin amsa a nan ya ƙwace wa ɗalibansa mafi amfanin ɓangaren aikin.

Idan akwai sauran lokaci, sai a fita tsakar makaranta a zana taswirar garin a ƙasa, da tituna da gidaje da wuraren ruwan huɗu. Kowane ɗalibi yana da gida, kuma dokar ita ce ya ɗiba a wurin da ya fi kusa da shi, in ban da mutum uku ko huɗu da malami zai raɗa wa su tafi nesa. Duk wanda ya kamu ya ajiye tsakuwa a ƙofar gidansa. Tsakuwoyin za su taru a wuri ɗaya, amma za a ga ɗaya ko biyu a can gefe su kaɗai. Kada a share su a ce kuskure ne. A je a tambayi masu su, kamar yadda aka bi labarin matar Hampstead.

Garai-garai ba shi ne tsabta ba

Aiki na gaba gajere ne. A ɗebi ruwan Famfon Tasha a zuba masa ƙasa har ya yi dagwalo. A ninka ƙyalle mai tsabta sau huɗu, a ɗaure a bakin kwalba, a tace ruwan, a bar shi ya kwanta. Ɗalibai za su ga ya yi haske sosai, wasu ma za su ce ya shawu. Sai a ɗiga aidin. Shuɗin zai fito kamar da.

Wannan ba ya nufin tacewa ba ta da amfani. Da ita aka yaƙi kurkunu, domin tsutsar kurkunu tana zama ne a cikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa da ƙyalle yake iya tarewa. A 1988 an ƙidaya fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Aka raba wa ƙauyuka matatan ƙyalle, aka haƙa burtsatse, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da tsohon shugaban ƙasa Yakubu Gowon suka sa hannu a aikin. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da ita. A ƙasar Bangladesh ma, masu bincike sun nuna cewa tace ruwa da tsohon zane da aka ninka ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi, saboda ƙwayar tana yawan manne wa ƙananan halittun ruwa. Amma rabi ba duka ba ne. Ƙyalle da alam suna kawar da datti, kashe ƙwayar cuta kuwa sai an tafasa ruwan ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya aƙalla, ko a sa masa sinadarin kulorin gwargwadon umarnin da ke jikin kwalba, a jira minti 30.

Ɗalibi mai kaifin tunani zai ce a tafasa ruwan sitacin a gani. Idan aka tafasa ya huce, aidin zai sake mai da shi shuɗi, domin sitaci ba shi da rai balle wuta ta kashe shi. Ba ya kuma hayayyafa, alhali bakteriya tana rabewa biyu, biyun su zama huɗu. A nan kamanninsa da ƙwayar cuta suka ƙare, kuma yana da kyau ɗalibai su gano haka da kansu. Duk da haka, kada wani ya ce zai ɗebo ruwan kwata ya renon ƙwayoyin cuta na gaske a aji. Wannan aikin ƙwararru ne, a ɗakin da aka tanada domin sa.

Cokali shida da rabin cokali

Gano tushen annoba yana kare waɗanda ba su kamu ba. Wanda ya riga ya kwanta kuwa, abin da yake kashe shi rashin ruwa ne a jiki, kuma maganin farko yana cikin ɗakin girki. A 1971, a wani sansanin 'yan gudun hijira da ke kan iyakar Indiya da Bangladesh, ruwan da ake ɗaura wa majinyata ta jijiya ya ƙare. Wani likita Ba'indiye, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a ruwa ana ba su ta baki. Yawan masu mutuwa ya sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Kowane ɗalibi ya kamata ya haɗa wannan ruwa da hannunsa sau ɗaya kafin ya bar makaranta. A raba aji rukuni-rukuni, a wanke hannu da sabulu, a kawo kayan sha masu tsabta waɗanda ba su taɓa aidin ba. A auna lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, wato kwalba biyu ta rabin lita. A zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida, da gishiri rabin cokali. Cokalin a shafe yake, ba a tsiri ba, don haka a share samansa da bayan wuƙa. A motsa har su narke. Wannan ne kaɗai ruwan da aka yarda a ɗanɗana a darasin, kuma bai kamata gishirinsa ya wuce na hawaye ba. Gishiri ya yi yawa yana cutar da yaro, sukari ya yi yawa yana ƙara gudawa. Inda ake samun ƙullin da aka riga aka haɗa a kantin magani, ya fi dacewa a yi amfani da shi. Ana ba majinyaci kaɗan-kaɗan, a kai a kai, ko da yana amai, kuma ana yin haka ne a kan hanyar zuwa asibiti, ba a maimakon zuwa ba. Abin da ya kwana ɗaya sai a zubar a haɗa sabo.

Sauran aikin a unguwa yake. Kowane ɗalibi ya zana taswirar layinsu, ya nuna inda gidansu yake samun ruwan sha, ko rijiya ce, ko famfo, ko burtsatse, ko kurar mai ruwa. Idan daga mai ruwa ne, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi inda yake ɗebowa. Idan rijiya ce, ya duba ko tana da murfi, ya lura da inda ake ajiye guga, sannan ya ƙirga taku nawa ne daga bakinta zuwa masai mafi kusa. Masana suna ba da shawarar tazarar ta kai kimanin mita 30. Ya rubuta abin da ya samu da Hausa, cikin jimla goma, ya kawo aji a mako mai zuwa.